Kalmomin aiki da ma'aikata a harshen Japananci

Japananci yana da sunaye da yawa na mai aiki, kuma kusan kowanne yana bayyana matsayin mutum a wurin aikinsa. Kalmar doka ita ce rodosha, daga rodo, wato ƙwadago, kuma ita ce ke cikin Dokar Ƙa'idojin Ƙwadago ta 1947.

A zamanin Edo (1603 zuwa 1868), mai sana'ar hannu kamar kafinta ko maƙeri shi ne shokunin, sunan da har yau ake ambata da girmamawa. A gidajen 'yan kasuwa kuwa barantaka ake yi, ana kiranta hoko. Yaro kan shiga yana ɗan shekara goma ko kusa da haka a matsayin detchi, yana shara da aike, ba albashi sai ci da sutura da makwanci. In ya tasa ya zama tedai, daga nan banto, wato babban yaron shago. Wanda ya daɗe yana riƙon amana, maigida kan sallame shi ya buɗe nasa shagon da sunan gidan. Wannan shi ne norenwake, raba labulen ƙofa mai ɗauke da tambarin shago.

Masana'antun zamanin Meiji (1868 zuwa 1912) sun zo da shokko, leburan masana'anta, da joko, 'yan matan ƙauye da aka ɗebo zuwa masaƙun siliki da auduga, suna kwana a ɗakunan kamfani, suna aikin awa 12 ko fiye a rana. An zartar da dokar kare su a 1911, amma ba ta fara aiki ba sai 1916. Da yake shokko na ɗauke da raini, sannu a hankali koin ta maye gurbinta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙungiyoyin ƙwadago suka matsa a daina bambanta na ofis da na bakin inji, kamfanoni da dama suka koma kiran kowa shain, ɗan kamfani. Masana sun saɓa kan ko tsarin aiki a kamfani ɗaya har ritaya ya samo asali ne daga hoko.

Sarariman, ma'aikacin ofis mai albashi, ta bazu wajen shekarun 1920.

A yau babban rabon yana tsakanin seishain, ma'aikacin dindindin, da hiseiki, ma'aikatan da ba na dindindin ba, waɗanda suka haura kashi ɗaya cikin uku na masu aikin albashi. A cikinsu akwai haken, wanda kamfanin dillancin aiki ya turo, da masu arubaito, aikin wucin gadi, kalmar da aka aro daga Jamusanci. Karoshi, mutuwa saboda yawan aiki, ta fito wajen ƙarshen shekarun 1970, aka yi dokar rigakafinta a 2014.