Ninkin tsakiyar taswira ba aibi ba ne

Sababbin shiga harkar tara tsofaffin taswirori sukan ja da baya da zarar sun ga layin ninki a tsakiya, wai an wulaƙanta takardar. Ina! Galibin taswirorin Holan na ƙarni na 17, na tsibirin Jaba da ke Indonesiya ko gaɓar Burazil, daga kundi aka ciro su, irin Atlas Maior da mai zana taswira Joan Blaeu ya fitar a Amstadam a 1662. Ninke takardar ake yi gida biyu, a manna ta kan siririyar takarda, sannan a ɗinke. Juya bayanta ka gani: sau tari akwai rubutun Latin ko Faransanci, har da tabon gam. Ni wadda ta zo sumul ma nake ɗar-ɗar da ita, don ba ta da alamar daga kundi aka ciro ta.