Tamfilet ba takardar bara ba ce

Tun da samari suka koyi haɗa bidiyo a CapCut, kalmar "tamfilet" ta shiga bakin kowa a Maradi, har ta gangaro lakkol. Da lokacin jarrabawa ya matso sai ka ji mushe ya tsaya kan mai buga takardu yana cewa: "Malam, buɗo mini tamfilet ɗin bara." Nufinsa takardar bara da ke ajiye a Word, a share tambayoyi a cusa sababbi. Wannan ɗumame ne. Shi ya sa shekarar bara ke fitowa a saman shafi, tambaya ta 4 ta zo sau biyu, maki su tashi 22 maimakon 20, mai tsaron aji ya ɓata lokacin yara yana gyara da alli.

Kalmar ta Ingilishi ce, amma masu bin asalin kalmomi sun fi danganta ta da "templet" na Faransanci, wato sandar da masaƙi ke ɗame ƙyalle da ita don kada faɗinsa ya tsuke ana cikin saƙa. Ba a sayar da zane da sandar a jikinsa. Zare na iya zama fari yau, gobe baƙi, ita faɗi kawai take tsarewa. Haka tamfilet na gaskiya yake: sunan makaranta, gurbin sunan ɗalibi, girman haruffa, tazarar layuka da jerin lambobi duk an tsayar da su sau guda, kuma babu tambaya ko ɗaya a ciki.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne LaTeX, manhajar tsara rubutu da ake furtawa "latek". Donald Knuth na jami'ar Stanford a Amurka ya fito da manhajar TeX a 1978 saboda takaicin yadda maɗaba'a ke ɓata alamomin lissafi, Leslie Lamport kuma ya ɗora LaTeX a kansa. Cikinsa akwai tsarin jarrabawa mai suna exam, aikin Philip Hirschhorn. Malami ya rubuta \question[3] ya bi shi da tambaya. Lamba ta zo da kanta, maki 3 su zauna a gefe, jimilla ta haɗa kanta a teburin maki. Ka cire tambaya ta 2, sauran su sake jeruwa. Abin da ya fi burge ni shi ne \printanswers: da shi, fayil ɗin da ya ba da takardar ɗalibai zai ba da ta amsoshi, ba sai an sake bugawa ba.

Ban ce kowa ya koma LaTeX ba. Malamin tarihi ya ajiye tsarinsa a Word a matsayin .dotx, wato fayil ɗin tamfilet na Word, duk buɗewa ya samu sabon shafi, ya wadatar. Na lissafi da kimiyya mai shirya ƴan jarrabawar BEPC ko BAC ne ba shi da uzuri sosai, tunda LaTeX kyauta ne.

Sai dai wanda ya ɗauko tamfilet a intanet ya duba girman takarda. Da yawa an yi su ne kan takardar Amurka, mu kuwa A4 muke bugawa. Ya cire launi da inuwar toka, don injin fotokofi mayar da su dabbare-dabbare yake. In takardar da Hausa ce, XeLaTeX, wani nau'in LaTeX, zai yi amfani da shi, da haruffan da ke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ.