Wa Ke Iya Zama Ɗan Najeriya? Tambayoyi da Amsoshi

An haife ni a Kano, iyayena 'yan Maraɗi ne. Ni ɗan Najeriya ne?

Haihuwa a nan kaɗai ba ta wadatar. Sashe na 25 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 jini yake bi: wanda aka haifa a Najeriya bayan 1 ga Oktoba, 1960, sai uwa ko uba, ko ɗaya daga cikin kakanninsa ya kasance ɗan ƙasa. Idan kakarka Bakatsiniya ce, ka shiga. Wanda aka haifa a waje kuwa, ko a Jidda ko a Kumasi, uwa ko uba ɗan Najeriya ya ishe shi.

Aure fa?

Nan ne abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Sashe na 26 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajista ta zama 'yar ƙasa, amma bai ce komai ba game da baƙon da ya auri 'yar Najeriya. Mutumin Damagaram zai auri Bakana, ya buɗe shago a Kantin Kwari, su haifi 'ya'ya biyar, 'ya'yan duka 'yan ƙasa ta wajen uwa, shi kuwa uban yana nan a matsayin baƙo. A watan Maris na 2022 an kawo ƙudirin gyara wannan a Majalisar Tarayya, aka ka da shi. Ni dai ban ga adalci a nan ba.

To, wace hanya ta rage masa?

Ta Sashe na 27: zaman shekara 15 a ƙasar, hali na gari, niyyar zama dindindin, da abin da zai amfani ƙasa da shi. Gwamnan jiharsa kuma sai ya gamsu cewa jama'ar da yake zaune cikinsu sun karɓe shi. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ke karɓar takardu, Shugaban Ƙasa ya amince, sannan a yi rantsuwar biyayya.

Lambar NIN ba ta isa shaida ba?

A'a. Baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida ma ana ba shi.

Wanda ya zama ɗan ƙasa ta hanyar Sashe na 27 zai iya tsayawa takara?

Zai yi zaɓe, amma kujerar Shugaban Ƙasa da ta gwamna sai ɗan ƙasa ta haihuwa.