Wasan jimnastik ba ya hana yarinya tsawo

An daɗe ana faɗa, har nan Garwa ta Kamaru, cewa jimnastik, wato wasan tsalle-tsalle da juye-juyen jiki, ke tsumburar da 'yan mata, tunda gwanayen da ake gani a talabijin gajeru ne. Ba haka abin yake ba. Gajeren jiki ya fi saurin juyawa a iska, ya fi samun daidaito kan katakon da ake wasa a kansa mai faɗin santimita 10, shi ya sa gajeru suka fi kaiwa manyan gasa. Ai ƙwallon kwando ma ba shi ya miƙar da dogaye ba. Tsawo galibi gado ne. Horo mai tsanani babu isasshen abinci, wannan kam yana jinkirta balaga. Ku dubi tsawon iyayen yarinya, ku riƙa auna ta a asibiti. Don Allah a tura wa sauran iyaye.