Ma'anar Kiranyen Mota Saboda Matsalar Birki

Kalmar kiranye mun fi jin ta a bakin 'yan siyasa, inda jama'a ke neman wakilinsu ya dawo gida. A harkar motoci kuwa, kiranye shi ne kamfani ya amsa cewa akwai aibi a wasu motocin da ya ƙera, wanda zai iya jawo haɗari, sannan ya nemi masu su da su kawo a gyara ba tare da sun biya ko dala ba. A Amurka, dokar 1966 da gyaran da aka yi mata a 1974 ne suka ɗora wa kamfanoni wannan nauyi, kuma hukumar kiyaye haɗurran mota ta ƙasar, wato NHTSA, ke sa ido a kai.

Ya kamata a bambance aibin ƙira da tsufa. Idan takalman birki sun cinye saboda zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Damagaram, wannan aikin mai mota ne da makanikensa. Aibin kiranye kuwa da shi motar ta fito daga masana'anta, kuma yakan ɓuya ta yadda ƙwararren makanike ma zai duba ya ce lafiya lau. A watan Fabrairun 2010, Toyota ta kira motoci kusan 437,000 a duniya, galibinsu Prius, domin birkin yakan ɗan yi jinkirin kamawa idan an hau hanya mai gargada ko santsi, alhali ba wani ƙarfe da ya karye. Manhajar kwamfutar da ke sarrafa birkin ce aka sabunta. A Satumban 2023 kuma, Hyundai da Kia suka kira fiye da motoci miliyan 3 a Amurka, saboda man birki yana iya yoyo cikin na'urar ABS, mai hana tayoyi kullewa idan an taka birki, ya haɗa wayoyi, wuta ta tashi ko da motar a kashe take, har aka shawarci mutane su riƙa ajiye ta waje, nesa da gini.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda labarin ba ya isowa gare mu. Kamfani yana aika wasiƙa ne ga wanda sunansa ke cikin rajistar ƙasar da aka fara sayar da motar, mu kuwa yawancin motocinmu na hannu ne, sun biyo jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Lome, sun ratsa hannun dillalai da dama kafin su sami lambar Nijar. Wasiƙar tana can Turai ko Amurka, aibin kuwa yana nan cikin motar da ke ɗaukar fasinja zuwa Ɗan Isa.

Hanyar bincike ita ce lambar shasi, wadda ake kira VIN, mai haruffa da alƙaluma 17 tun daga 1981. Ana ganin ta a ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, da jikin ƙofa, da takardar mota. Idan motar ta fito daga Amurka, sai a shigar da lambar a shafin NHTSA, zai nuna kiranyen da ba a gyara ba. Manyan kamfanoni ma suna da irin wannan shafi. A lura cewa babu harafin I ko O ko Q a cikin lambar shasi, don haka duk abin da ya yi kama da su alƙalami ne.

Idan an tarar da kiranye, a tuntuɓi wakilin kamfanin a Yamai da lambar shasi da lambar kiranyen, a tambaya ko zai ɗauki gyaran, domin wajabcin gyara kyauta ya rataya ne ga dokar ƙasar da aka sayar da motar, kuma a Amurka ma iyakarsa shekara 15. In bai ɗauka ba, takardar kiranyen tana fayyace sashen da ke da aibi da yadda ake gyara shi, sai a kai wa makanike ya sa kaya na asali. Kafin nan, motar da birkinta ke nutsewa ƙasa idan an taka, ko man birkinta ke raguwa ba dalili, a jingine ta har a gyara.