Ranar Bawunti a tsibirin Nofok ba ta tawaye ba ce

Da yawa in suka ji "Ranar Bawunti" sai su ɗauka bikin tawayen da matuƙan jirgin ruwan Bawunti suka yi wa kyaftin ɗinsu ne a 1789. Sunan ne ke ruɗin mutane. A Nofok, ɗan tsibirin da ke gabas da Ostareliya, Ranar Bawunti, wato 8 ga Yuni, ta tunawa da sauka ce. A ranar ce, cikin 1856, jikokin da 'yan tawayen suka samu da matansu 'yan Tahiti, mutum 194, suka iso daga Fitken, tsibirin da 'yan tawayen suka fake, wanda ya yi musu kaɗan.

Shi ya sa ake bikin a bakin ruwa. Jama'a kan sa tufafin kakanni, su kwaikwayi saukar a mashigar Kinston, babban garin tsibirin, su taka zuwa maƙabarta su ajiye furanni, sannan a baje abinci a fili.

Su kuwa 'yan Fitken tasu daban ce, 23 ga Janairu, ranar da aka ƙona jirgin a 1790. Ko da Ostareliya ta soke mulkin kai na Nofok a 2015, hutun 8 ga Yuni na nan daram.