Na'urar haɗa kiɗa mai aiki da manhaja

Na'urar haɗa kiɗa mai aiki da manhaja wani ɗan allo ne mai maɓallan roba, yawanci 16 a jere huɗu-huɗu, wanda ake jona wa kwamfuta da wayar USB domin a buga kiɗa da yatsu. Ita kanta ba ta da murya. Sautin ganguna yana cikin manhajar da ke kwamfuta, aikin na'urar shi ne kai saƙo: wane maɓalli aka taɓa, a wane lokaci, da wane ƙarfi. Amfaninta babba shi ne ta mayar da hannun makaɗi cikin kiɗan kwamfuta, wanda in ba ita ba sai dai a zana shi ɗigo-ɗigo a fuskar allo.

Asali

Tsarin maɓallai 16 ya samo asali ne daga MPC60, wadda kamfanin Akai na Japan ya fitar a 1988 tare da Roger Linn, injiniya ɗan Amurka. Ita tana aiki ba tare da kwamfuta ba, tana ɗaukar gutsuren sauti ta ajiye, mai kiɗa ya yi ta bugawa. Masu hip-hop na Amurka ne suka ɗaukaka ta. A 2009 kamfanin Native Instruments na birnin Balin a Jamus ya fito da Maschine, wadda ta raba aikin biyu, hannu a kan na'ura, ƙwaƙwalwa a kwamfuta. Akai ya bi sahu da MPC Renaissance a 2012, sannan Ableton ya kawo Push a 2013. Harshen da irin waɗannan na'urori ke magana da shi, wato MIDI, tun 1983 yake.

Yadda ake aiki da ita

Mai haɗa kiɗa yakan fara da zaɓen gudu, wato yawan bugu a minti ɗaya. Kiɗan Afrobeats da ya cika Legas galibi yana kewaye da bugu 100 zuwa 115. Daga nan sai ya ɗora wa kowane maɓalli sautinsa: wannan babbar ganga, wancan tafi, na gefe kacau-kacau. Ya danna ɗauka, ya buga ɗan gajeren zango, manhaja ta riƙa maimaita shi, shi kuma yana ƙara wani bugun a kan wani har kiɗa ya yi kauri. Akwai bugun da ake yawan farawa da shi a Legas: a cikin taku takwas a bugi na 1, na 4 da na 7, uku-uku-biyu ke nan. Wanda ya taɓa sauraron tafin 'yan mata a dandali ba zai ji shi baƙo ba.

MIDI yana auna ƙarfin bugu daga 1 zuwa 127, shi ya sa taɓawa a hankali da dukan gaske ba sa fita da murya ɗaya. Manhaja tana iya jawo duk bugun da ya kauce ta ɗora shi daidai kan lokacinsa. Wannan gata ne ga mai koyo, amma idan aka cika shi kiɗa yakan sandare, ya zama kamar takun soja. Ƙwararru kan bar kacau-kacau da ƙananan ganguna yadda hannu ya buga su, ɗan jinkirin nan da ba ya kai ƙiftawar ido shi ke sa jiki rausayawa.

A wajen Hausawan Legas

A unguwanni irin su Agege, Idi-Araba da Obalende, inda Hausawa suka daɗe da zama, mai haɗa kiɗa yana tsakanin kunne biyu. Masu biki da mawaƙan yabo suna son kiɗan da suka saba da shi daga Kano da Kaduna, wanda fiyanon Yamaha ya yi rainonsa tun farkon waƙoƙin finafinan Hausa, matasa kuma suna son bugun da suke ji a cikin danfo, wato motocin hayar Legas. Na'urar tana ba shi damar haɗa biyun a waƙa ɗaya.

Kalangu ne ke ba ta wuya. Makaɗi yana rataye shi a hammata, yana matse igiyoyinsa yana sassautawa, murya tana hawa tana sauka har ta faɗi kirari, kamar yadda gangan ɗin Yarabawa take yi. Maɓalli kuwa sauti ɗaya yake riƙewa. Wanda ya ɗauki bugu guda ya riƙa canza masa kaifi da manhaja, abin da zai samu ƙarar fata ce kawai, maganar ta tafi. Dabarar da ta fi ita ce a gayyato makaɗi sitidiyo, a ɗauki jimlolinsa cikakku, a yanka su, a raba wa maɓallai. Ta haka kalangu yakan ci gaba da magana a cikin sabon kiɗa, makaɗin ma ya sami na cefane.

Saye da kulawa

Ana neman irin waɗannan kaya a kasuwar Alaba da ke Ojo da kuma Computer Village a Ikeja, sababbi da na hannu. Da yawa daga cikinsu daga kwamfuta suke shan wuta, don haka ko an ɗauke lantarki aiki ba ya tsayawa muddin batir na da caji, sai dai a koma sauraro da abin kunne maimakon lasifika. Mai sayen ta hannu ya tabbata mai ita na farko ya cire lambarta daga asusunsa na kamfanin da ya ƙera ta, domin lasisin manhajar yana ɗaure da wannan lamba, kuma in bai sauka ba sabon mai ita ba zai iya yi mata rajista da sunansa ba. Ƙura da gumin hannu kan rage wa maɓallai ji, shi ya sa ake goge su da busasshen tsumma, a lulluɓe ta idan an tashi aiki.